Ranar da Gwaggo Taswira Ta Yi Shiru

A gidan su Auta akwai wata tsohuwar mota mai magana.

Motar Baba ce. Da ita yake kai wa mutane kaya har ƙofar gida. Ta tsufa sosai. Ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwa. Amma a gaban direba akwai ɗan allo mai nuna taswira. Idan Baba ya danna inda za shi, sai muryar wata mata ta fito tana gaya masa hanya.

"Juya dama," in ji ta. "Miƙe gaba."

Kaka ce ta raɗa mata suna Gwaggo Taswira.

"Wannan baiwar Allah ba ta gajiya da surutu," in ji Kaka. "Ko ruwa ba ta tsayawa ta sha."

Duk sanin hanyar da Gwaggo Taswira ta yi, yana cikin wani faifai mai sheƙi da ke ƙarƙashin allon. Akwai ɗan maɓalli a gefe. Idan aka danna shi, faifan zai fito. Wayar Baba ƙarama ce, ba ta nuna taswira. Shi ya sa yake ji da faifan nan.

"Ku taɓa komai a motar nan," yakan ce, "amma ban da wannan maɓalli."

Auta shekararta goma. Tana da yaya guda ɗaya, namiji. Ya bar gida tun tana shekara huɗu. Ya tafi wani gari mai nisa, yana aiki a shagon gyaran kayan lantarki. Sati uku da suka wuce ya dawo, da baƙar jaka guda ɗaya a kafaɗa.

Yaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya kwance rediyon falo. Ya kwance fankar Mama. Har agogon bango bai tsira ba.

"Kai, wai hannunka ƙaiƙayi yake yi?" in ji Mama.

"Mama, fankar nan kuka take yi. Tausayinta na ji."

Mama ta share masa wuri a cikin kabad don ya jera tufafinsa. Bai jera ba. Suna nan cikin baƙar jaka, a ƙarƙashin gado. Kullum da safe Auta takan leƙa ta gani. Ta san abin da jakar take nufi. Yaya bai gama yanke shawarar zama ba.

Ita kuwa babu abin da take so kamar ya zauna.

Ranar Litinin Malama ta koya musu darasin haske.

"Gobe kowa ya kawo abin da zai nuna mana launukan bakan gizo," ta ce. "Madubi, ko kofin gilashi, ko tsohon faifai da ba a amfani da shi. Amma ku tambaya a gida kafin ku ɗauko."

Auta ta duba ko'ina a gida. Ba ta samu tsohon faifai ba.

Ranar Talata motar ba ta fita ba, domin an kai taya ɗaya wurin mai faci. Aikin Auta ne ta goge kujerun motar kowace safiya. Ta san inda ake rataye makulli. Ta san idan aka murɗa shi sau ɗaya, allon zai kawo wuta.

Ta zauna a kujerar Baba. Ta daɗe tana kallon maɓallin.

"Da rana zan mayar," ta ce a ranta. "Babu wanda zai sani."

Ta danna. Faifan ya fito a hankali. Ta tura shi cikin jakar makaranta, tsakanin littafin lissafi da akwatin fensir.

A aji, faifan Auta ne ya fi na kowa. Da ta kara shi a hasken taga, sai launuka suka bazu a bango. Ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa. Yara suka yi ta tafi.

"Madalla," in ji Malama. "Kin tambaya a gida ko?"

"Eh, Malama," in ji Auta.

Maganar ta fito da sauri. Ta so ta kamo ta, amma ta riga ta fita.

Da aka fita tara, kowa yana so ya riƙe. Ya bi hannu kamar goma. Wani yaro da ake kira Dogo ya karɓa, ya gara shi a ƙasa kamar taya.

"Dogo, bar shi!" Auta ta yi ihu.

Faifan ya gangara, ya bugi ƙafar tebur, ya kife a kan siminti. Da ta ɗauko shi, duk yashi ne da shatin yatsu. Ga wani dogon karce a gefe.



Da ta dawo gida, ta wuce wurin wanke-wanke. Ita ce mai wanke faranti a gidan, kuma Mama takan yaba mata. Ta ce a ranta, abin da ya yi datti ai wanke shi ake yi.

Ta ɗauki soso. Ta shafa sabulu. Ta riƙe faifan kamar faranti, ta fara cuɗawa. Zagaye, zagaye, zagaye, kamar yadda Mama ta koya mata. Ta ƙara ƙarfi a wurin karcen.

Da ta ɗauraye, ta ɗaga shi sama. Sheƙin ya dushe. Ƙananan karce sun zagaye shi kamar saƙar gizo-gizo.

Ta goge shi da gefen siket. Ta lallaɓa ta mayar da shi cikin mota. Ba ta tsaya ta ga ko ya yi aiki ba.

Da la'asar ta hango Yaya a tsugune a bayan motar, da sukudireba a hannu.

"Zo ki gani, Auta," ya ce. Ya ja ƙofar baya da yatsa biyu, ta buɗe babu ko ƙara. "Kada ki gaya wa Baba. Gobe zai kawo gwiwa, ya ga ba a buƙatarta."

Yana dariya. Ita ta kasa.

Ranar Laraba Baba zai kai Kaka wurin likitan ido, a wani babban gari da bai taɓa zuwa ba. Wata biyu Kaka tana jiran wannan rana. An ce su iso ƙarfe goma.

Sun fita da sassafe. Sai yamma suka dawo.

Kaka ta shigo tana dafa bango. Ƙafafunta sun kumbura don zama.

"Ya idon, Kaka?" in ji Mama. "Me likita ya ce?"

"Wane likita?" in ji Kaka. "Gadoji muka je gani. Wata gadar sau uku muka hau ta. Har na fara gaishe ta."

Babu wanda ya yi dariya.

Baba ya shigo da faifan a hannu. Ya ce tun a hanya allon ya rubuta cewa ya kasa karanta faifai. Gwaggo Taswira ba ta ce ko uffan ba. Sun yi ta tambayar mutane, kowa yana nuna musu wata hanyar dabam. Sai ƙarfe ɗaya suka isa, likita ya riga ya tashi. Da ƙyar aka yarda su koma Laraba mai zuwa.

"Wa ya taɓa wannan?" in ji Baba.

Auta tana bayan labule. Ta buɗe baki, ta rufe.

Baba ya juya ga Yaya.

"Jiya wa na gani a motar nan da sukudireba?"

"Baba, ƙofa na gyara. Ban taɓa allon ba."

"Rediyo ka kwance. Fanka ka kwance. Yanzu ka kai ga abin da nake neman abinci da shi."

Yaya ya karɓi faifan. Ya juya shi a haske. Ya kai shi kusa da hanci. Ya ɗan dubi wajen labule, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana mana!" in ji Baba. Ya gaji, ga yunwa, ga ɓacin rai. "Shekara shida muna zaune lafiya da kayanmu!"



Yaya ya ajiye faifan a kan tebur a hankali.

"To, Baba," ya ce. "Allah ya huci zuciyarka."

Ya shige ɗaki. Ba a jima ba Auta ta ji ƙarar jan jaka daga ƙarƙashin gado.

Washegari a makaranta Auta ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Ba ta fita tara ba. Ta kifa kai a kan tebur.

Malama ta zo ta zauna kusa da ita.

"Mai bakan gizo, yau ina launukan suka tafi?"

Hawaye suka zubo. Auta ta gaya mata komai, tun daga maɓalli har zuwa baƙar jaka.

"Na yi miki ƙarya, Malama. Ban tambaya ba."

Malama ta dafa kafaɗarta.

"Ban ji daɗi ba," ta ce. "Amma na ji daɗi da kika faɗa. Yanzu gaya mini, wa ke ɗauke da laifinki a gida?"

"Yayana."

"Yana da nauyi?"

Auta ta gyaɗa kai.

"To, je ki karɓi kayanki."

"Baba zai yi fushi."

"Zai yi. Fushin Baba zai wuce. Amma idan yayanki ya hau mota ya tafi, yaushe za ki sake ganinsa?"

Auta ta tuna shekara shida. Sun fi rabin shekarunta.

Da aka tashi, da gudu ta koma gida.

Baƙar jaka tana bakin ƙofar falo, an zuge ta tsaf. Mama tana zaune, idonta ya yi ja. Baba yana kan kujera da rediyo a hannu, amma bai kunna ba.

"Gobe da safe zai tafi," in ji Mama.

Auta ba ta ko cire takalmi ba. Ta je ta zauna daram a kan jakar.

"Ke, tashi daga kan kayan mutane," in ji Mama.

"Ba zan tashi ba." Ta dubi Baba. "Baba, ni ce. Ni na cire faifan. Na kai shi makaranta. Ya faɗi, na wanke shi da soso. Yaya ƙofa kawai ya gyara."

Baba ya ajiye rediyon.

"Ke?"

"Ni."

"Kina bayan labule jiya, kina jin duk abin da nake faɗa?"

"Eh, Baba."

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi. Ya dube ta kawai, ya girgiza kai.

"Kin sa Kakarki ta wuni a mota a banza. Kin sa na faɗa wa ɗana maganar da ba zan iya haɗiyewa ba."

Yaya ya fito daga ɗaki. Ya ji komai.

Baba ya miƙe. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Na zalunce ka," ya ce. "Maganar jiya ba haka take a raina ba. Shekara shidan nan, babu ranar da ban duba hanya ba. Ka yafe mini."

Yaya ya kau da kai, ya goge ido da bayan hannu.

"Ya wuce, Baba."

Sai ya tsuguna a gaban Auta.

"Ai tun jiya na san ke ce."

"Ta yaya?"

"Faifan yana ƙamshin sabulun wanke-wanke. Kuma karcen zagaye ne. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke wanke abu haka."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na tafi na bar ki kina 'yar mitsitsiya. Ban so abin farko da zan yi miki ya zama kai ƙara ba." Ya ja mata hanci. "Tashi daga kan jakata, ki ɗebo ruwa a kwano. Mu ga ko Gwaggo tana da sauran kwana."

Suka zauna a inuwa kusa da motar. Yaya ya aike ta ta ɗauko farin man goge baki da tsohuwar rigarsa mai laushi. Kaka ta sa aka kawo mata kujera.

"Man goge baki?" in ji Kaka. "Yanzu Gwaggon har haƙora gare ta?"

Yaya ya fara ɗaga faifan, ya kara shi a rana.

"Dubi nan, Auta. Kin ga haske yana ɓullowa ta wani wuri?"

"A'a."

"Alhamdulillahi. Da ɓangaren da ke da rubutu ne ya huje, da sai haƙuri. Amma wannan karcen a kan robar sama yake. Abin da ke ciki bai taɓu ba. A cikin na'urar akwai ɗan ido mai karanta faifai. Karcen ne ya tare masa gani."

"Kamar idon Kaka?"

"Ke, bar idona," in ji Kaka. "Bai gama hucewa da ke ba."

Yaya ya ɗauraye faifan da ruwa. Ya riƙe shi ta gefe, ba ya taɓa fuskarsa. Ya ɗiga man kaɗan, kamar ƙwayar wake. Sai ya yago ƙyalle daga tsohuwar rigar, ya miƙa wa Auta.

"Ni?" ta ce.

"Hannun da ya ɓata, shi zai gyara. Amma saurara. Faifai ba faranti ba ne. Idon na'ura zagaye yake bi idan yana karatu. Idan karce ya bi zagaye, sai ya rufe masa hanya mai tsawo. Don haka daga tsakiya za ki ja zuwa baki, a miƙe. Ki ɗaga hannu, ki dawo tsakiya. A hankali."

Auta ta fara. Daga tsakiya zuwa baki. Daga tsakiya zuwa baki. Sau biyu hannunta ya so ya yi zagaye. Sau biyu Yaya ya ce, "A'a, ba faranti ba ne."

Suka wanke man tas. Suka goge da busasshen ƙyalle, suka jira ya bushe sarai.

Baba ya murɗa makulli. Ya tura faifan. Na'urar ta yi ɗan gurnani. Kowa ya zuba wa allon ido.

Rubutun jiya ya sake fitowa.

Auta ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa.

"Kada ki yi kuka," in ji Yaya. "Gyara ba ya son gaggawa. Mu sake."

Suka sake. Wannan karon sun fi daɗewa, musamman a kan dogon karcen Dogo. Yatsun Auta suka yi tsami. Ba ta tsaya ba.

Baba ya sake turawa. Gurnani. Shiru. Allon ya yi baƙi, ya yi fari.

Sai ga layukan tituna sun fito ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya danna sunan asibitin ido.

"Ju… ju… juya dama," in ji Gwaggo Taswira.

"Ta tashi!" Auta ta daka tsalle.

"Ta tashi da in'ina," in ji Kaka. "Gara haka. Da ma surutunta ya yi yawa."

Har Baba sai da ya yi dariya.

"Wannan babban karcen ba zai fita duka ba," in ji Yaya. "Za ta riƙa yin haka jefi-jefi. Amma za ta kai ku."

Baba ya juyo ga Auta.

"Wata guda ba za ki taɓa makullin motar nan ba. Kuma ki je ki ba Kakarki haƙuri."

Auta ta durƙusa a gaban Kaka.

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Na haƙura. Amma sati guda ke za ki matsa mini ƙafa. Gadar nan sau uku tana nan a cikinsu."

Laraba ta zagayo. Auta ta tashi da wuri. Kamar kullum, ta leƙa ƙarƙashin gadon Yaya.

Babu jaka.

 Ta juya da sauri. Sai ta ga baƙar jaka a rataye a jikin ƙusa, a lanƙwashe, babu komai a ciki. Ta buɗe kabad. Ga rigunan Yaya a jere, a wurin da Mama ta share masa.

A waje Baba yana kiran Yaya. "Kai, zo ka zauna a gaba. Idan Gwaggo ta yi in'ina, kai za ka ƙarasa mata."

Yaya ya buɗe wa Kaka ƙofar baya da yatsa biyu. Sun isa asibiti tun kafin ƙarfe goma, kuma likita ya duba idon Kaka.

Har yau, wani lokaci Gwaggo Taswira takan ce, "Ju… ju… juya dama." Duk sa'ad da Auta ta ji haka, sai ranakun nan su dawo mata. Takan tuna kumburarrun ƙafafun Kaka, da kwana guda da yayanta ya yi ɗauke da laifin da ba nasa ba. Ta so a ce ta tambaya tun ranar Talata. Ta so a ce ta fito daga bayan labule.

Tun daga lokacin, Auta ba ta ɗaukar abin da ba nata ba sai ta tambaya. Idan kuma ta yi kuskure, ba ta ɓoyewa. Ta koyi cewa laifin da aka ɓoye ba ya ɓacewa, kan wani yake faɗawa. Wanda aka faɗa da wuri kuwa, yakan gyaru.